Jinkar Ɗakin Baba Manu

Yau in iskar bazara ta ɗaga wa mutum kwanon ɗaki, ƙusa zai nema da guduma, ya hau shi kaɗai ya bubbuga ya sauko, ko sannu ba ya bukata daga kowa. A zamanin Maitama ba haka abin yake ba. Lokacin ba a san Bature ba balle kwanonsa, Fulani na riƙe da sarautar Katsina, mutanen karkara kuwa na barci da kunne ɗaya a buɗe saboda mahara. Rufin talaka ciyawa ne da igiya, kuma duk wanda ya san aikin ya san ba na mutum ɗaya ba ne.

Maitama mai baibaya ne, yana rufa wa mutane ɗakuna da shuci, wato ciyawar jinka. An haife shi a wata 'yar unguwar Maguzawa da ke bayan Ƙarfi, inda rumbuna suka fi ɗakunan kwana yawa. Ubansa Manu, wanda yaro da babba ke kira Baba Manu, 'ya'ya maza biyu ya haifa. Labo ne babba, ƙato mai faɗin kafaɗa, wanda hannunsa bai san komai ba sai garma. In ka ba shi igiya ya ɗaure akuya, to ka shirya zuwa ba da haƙuri a gonar mutane. Maitama kuwa siriri ne kamar karan dawa, ga yatsu masu wayo, ga baki. Shi ya gaji hannun uban a wajen jinka, har da ƙa'idar da tsohon ba ya saɓawa: daga gabas ake fara ɗauri, domin daga can hadari ke tasowa, sannan a zagaya ta hannun dama har a dawo inda aka fara.

Da rani, in an gama girbi an kai dammuna rumbu, Labo kan zauna gida, Maitama kuwa ya rataya lauje da igiya ya shiga garuruwa. Ƙarfi, Dayi, wani lokaci har Bakori. Wanda ke zaune kan jinka yana ganin abin da mai tafiya a ƙasa ba ya gani. Daga can sama ya fara kallon mutanen gari suna jera sahu da la'asar, mai babbar riga da mai tallan itace kafaɗa da kafaɗa, abin ya riƙa tsaya masa a rai. Daga can sama kuma ya fara hango wata budurwa mai suna Rabi tana shanya barkono a tsakar gidansu. Masu tsegumi sun ce Rabi ce ta musuluntar da shi, shi kuwa ya ce sahun salla ne. Ni dai ban ga abin da zai hana su zama duka biyun ba. Ya je gaban wani malami a Ƙarfi, Malam Hussaini, ya karɓi kalmar shahada, aka raɗa masa suna Abdussamad, sunan da bai taɓa bin sa ba, don har ya bar duniya Maitama ake ce masa. Ya auri Rabi, ya kafa gida a Ƙarfi. Baba Manu bai ɗauki abin da zafi ba. Cewa ya yi in dai yaro zai zo noma da damina, ya je ya yi ta dungura goshinsa a ƙasa.

Rigima ba ta tashi ba sai da tsohon ya rasu.

A bayan gidan, kusa da rumbuna, akwai wani ɗan ɗaki da Baba Manu ya gina da hannunsa tun yana saurayi. Ba a kwana cikinsa. Can yake ajiye tsohuwar garmarsa da baka da kwari, da tukunyar gida wadda ake zuba wa farau-farau, da wani baƙin dutse mai kama da bakin gatari, wanda suke kira gatarin aradu, suna cewa tsawa ce ta jefo shi. Al'adar gidan ce kafin a yi shuka maza su shiga ɗakin, a yanka jan zakara, a roƙi damina mai albarka. Shekarar farko bayan rasuwar, Labo ya kamo zakara, ya tsaya a bakin ɗakin ya miƙa wa ƙanensa.

"Riƙe mini ƙafafunsa."

"Yaya, ni na bar wannan."

"Ka bar ubanka ke nan?"

"Ban bar ubana ba. Tukunya na bari."

Da a ce su biyu ne kaɗai, da watakila maganar ta mutu a nan. To amma mata na tsaye, maƙwabta sun leƙo ta darni, kuma Maitama sabon shiga ne, sabon shiga kuwa ya fi kowa zafi. Wannan ya faɗa, wancan ya mayar, har Maitama ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi tallahi ƙafata ba za ta ƙara taka cikin ɗakin nan ba har in mutu!"

Labo ya saki zakaran. Ya sunkuya ya shiga ɗakin, ya fito da baƙin dutsen nan a tafin hannunsa, ya ɗora shi kan harshensa, sannan ya ce, "To ni ma, in bakina ya ƙara yi maka magana, aradu ta tsaga ni biyu."

Mata suka ɗora hannu a ka suka kwarma ihu. A wurin Labo da mutanensa babu rantsuwar da ta kai wannan nauyi, sun yi imani wanda ya karya ta ba ya ganin ƙarshen damina. Maitama ya ɗauki sandarsa ya kama hanya. Tun bai hango ganuwar Ƙarfi ba nadama ta cim masa, kuma na tabbata Labo ma bai ci tuwon kirki ba ran nan. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, ba su da wani ɗan'uwa namiji a duniya sai juna. Amma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Damina ta wuce, rani ya wuce, ba wanda ya taka wurin wani. Da bazara ta zagayo, iska ta farko ta yaye gefen jinkar ɗakin Baba Manu ta watsar da bunun a gonar bayan gida. Labo ya hau ya yi irin ɗaurinsa na akuya, ya danne da guntayen itace. Iska ta biyu ta zo ta kwashe har itacen.

Sai ga Gwaggo a Ƙarfi ranar kasuwa, tana dogara sanda. Ƙanwar Baba Manu ce, ita ta goya su duka biyu bayan uwarsu ta rasu, saboda haka ba ta jin nauyin gemun kowa a cikinsu. Ko ruwan da Rabi ta kawo mata ba ta gama sha ba ta dubi Maitama.

"Ɗakin ubanka ya yi sanƙo."

"Gwaggo, ai kin ji rantsuwata."

"Na ji, kunnena bai mutu ba tukuna. Cewa ka yi ba ka shiga. Ka ce ba ka hawa?"

Ta ajiye ruwan ta ci gaba.

"Shi ma wancan ƙaton cewa ya yi ba ya yi maka magana. Miƙa igiya magana ce? Ku biyun nan, in aka haɗa hankalinku wuri ɗaya bai cika ludayi ba."

Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba sai da ya je wurin Malam Hussaini ya zayyana masa komai, har zakaran da tukunyar. Malamin ya shafa gemu ya ce, "Abin da ke cikin tukunya ba ruwanka da shi, kada ka yanka, kada ka zuba. Amma ɗan'uwanka naka ne, ko ya yi salla ko bai yi ba, kuma yanke zumunci ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah. Je ka ɗaure ciyawa." Maitama ya fito yana jin kamar an sauke masa dami daga ka.

Sai an san yadda aikin yake za a gane dabarar Gwaggo. Sabuwar jinka a ƙasa ake yin ta: a kafa tsaiko, wato sandunan da ke riƙe rufin, a yi masa tanka da siraran sanduna a gicciye, a naɗe shi da shucin da aka yanta, wato aka saƙa da igiya, sannan a kira maza su ɗaga da kuwwa su aza a kan ɗaki. Daga nan aka samo cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsohuwar jinka kuwa ba ta ɗaguwa, in an taɓa ta sai ta wargaje, saboda haka a inda take ake ɗinke ta. Mai baibaya na sama da wata doguwar basilla ta itace da igiyar rama a hancinta. Ya shimfiɗa sabon shuci, ya soka basillar ta ratsa rufin. Wani na ciki ya karɓa, ya zagaya da ita bayan sandar tsaiko, ya turo ta waje, na sama ya ja ya ƙulle. Na sama ba ya ganin na ciki, na ciki ba ya ganin na sama. Igiyar ce kawai ke tsakaninsu.

Da hantsi Maitama ya isa gidan da damin shuci a ka. Labo na gindin tsamiya yana wasa garma. Bai ɗago ba. Ya ajiye garmar a hankali, ya miƙe, ya shiga ɗakin Baba Manu, ya jawo ƙyauren kara ya rufe. Maitama ya jingina tsani ta gabas ya hau, ya shimfiɗa ciyawa, ya soka basilla, ya tsaya yana jira. In basillar nan ta tsaya a inda take, to ya san ya rasa wa ke nan har abada. Can sai ya ji an ja ta daga ciki. Jim kaɗan bakinta ya ɓullo ta ɗaya gefen sandar, yana rawa kamar mai neman hanya. Sai da ya goge ido da gefen riga kafin ya iya ƙulla igiyar.

Da ya sauko ya tarar da fura a sabuwar ƙwarya a gindin tsanin. Hansai, matar Labo, wadda dama akwai wasa tsakaninta da ƙanen miji, ta ce, "Sha, Malam, wannan ƙwaryar ba ta san giya ba. Wani ne ya fafe ta da kansa, ya ce in na faɗi sunansa in tafi gidanmu."

Haka abin ya zama al'ada. Duk shekara in zafi ya tsananta, gajimare ya fara taruwa a gabas, Hansai kan tsaya a ƙofar Maitama ranar kasuwa ta ce, "Malam, iska ta fara." Kashegari ya ɗauki shuci ya tafi. Labo ya shiga ya rufe ƙyaure, Maitama ya hau ta gabas ya zagaya ta dama, a sauko a sha fura, a rabu ba uffan. Mutanen unguwar suka yi dariya har suka gaji, daga baya suka saba.

Wanda bai sani ba zai ce ba su taɓa hira ba, amma Maitama ya koyi jin wansa a jikin igiya. Shekarar da dawa ta yi kyau, ja yake ji mai ƙarfi kamar za a fizgo shi ciki. Shekarar da fara ta cinye gero, basilla kan dawo a gajiye. Akwai shekarar da 'yar Labo ta fari ta rasu wajen haihuwa. Maitama ya je gaisuwa ya zauna cikin jama'a, ya yi wa Labo ta'aziyya, Labo ya sunkuyar da kai kawai. Da lokacin ɗauri ya zo, ana tsakiyar aiki basilla ta shiga ta ƙi fitowa. Maitama bai ja ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ciyawar ya danna, ya bar shi a nan. An jima ya ji wani tafin daga ƙasa ya turo ciyawar ya haɗu da nasa. Suka daɗe a haka, sannan aiki ya ci gaba. Ko Rabi bai taɓa ba ta wannan labari ba sai da ya tsufa.

Gwaggo ta rasu, suka binne ta tare, kowa ya yi mata irin addu'arsa. Furfura ta fito musu. Ɗakin kuwa kullum ƙara tsufa yake, ɗinki kan ɗinki. Wata rana Rabi ta ce, "Wai me zai hana ka yi musu sabuwar jinka ka huta da wannan jeka-ka-dawo?" Ya ce ai sandunan Baba ne, itacen da aka saro a zamanin da daji yake daji, gara ma tsoronsu take. Gaskiyar da bai faɗa ba ita ce, sabuwar jinka za ta yi shekaru ba ta nemi kowa ba, shi kuwa ba shi da wata hanyar zuwa gidan sai wannan tsohon rufi. Tsoro yake kada a gyara shi ya gyaru.

Maganar sandunan kuwa har zuciyarsa ya yarda da ita, domin duk inda ya ɗora ƙafa a kan jinkar nan, daram yake ji. Har alfahari yake yi a majalisa, wai shi tun da yake hawa bai taɓa karya tsaikon kowa ba, ƙafarsa ta san inda take takawa. Abin da ke ba shi haushi da Labo ɗaya ne, nawa. Duk sa'ad da zai matsa gaba sai ya ji ana ja da wani abu a ciki, ana gurnani, sai wani ƙut a ƙarƙashinsa, ya ce a ransa Yaya ya sake tuntuɓe da tukunyarsa. In an gama kuma Labo ya fito sharkaf da gumi yana murza kafaɗa. "Mutumin da basilla kawai yake miƙawa," in ji Maitama ga Rabi, "amma in kin gan shi sai ki ce shi kaɗai ya nome gandu."

Sai wata shekara zafi ya yi zafi, gajimare ya taru, ranar kasuwa ta zo ta wuce, Hansai ba ta zo ba. Wata kasuwar ta sake zagayowa, shiru. Maitama ya yanta shucinsa, ya tuƙa igiya, ya ajiye a zaure yana kallo. Ran da iska ta farko ta kaɗa ya kasa cin abinci. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ya ɗauka Labo ya gaji, ya sami wani mai baibaya, ya tsinke 'yar igiyar da ta rage a tsakaninsu. Ya ce shi ma ba zai je inda ba a kira shi ba. Ya faɗa da safe, ya maimaita da hantsi, da azahar ta yi Rabi ta ga ya ɗora dami a ka ya fita, hadari kuwa ya riga ya fara haɗuwa a gabas.

Ya tarar da gidan tsit. Ba kowa a gindin tsamiya, garma na jingine ta yi tsatsa. Hansai ta fito daga madafa, ta rame, ba wasa a fuskarta.

"Malam, kai ne? Wanka na kwance tun sanyi, tari ya ƙi sakinsa. Yanzu barci ya ɗauke shi."

"Shi ne ba a aiko mini ba?"

"Shi ya hana. Ya ce bana a bar ɗakin, ko iska za ta kai shi Dayi. Ya ce kada in kuskura in kira ka."

"Don me?"

"Ka san wanka. Yana faɗin dalili ne?"

Maitama ya leƙa ɗakin kwana ya ga Labo a kan tabarma, ƙaton nan ya koma kamar an zare masa rabi. Ba shi da maganin tari, ba shi da maganar da za a amsa masa, abu ɗaya ya iya yi wa wansa a duniya. Ya juyo ya dubi jinkar, gefenta na gabas na ɗagawa yana faɗuwa da iska.

"Hansai, kin iya miƙa basilla?"

"Ni da nake share ɗakin tun ina amarya? Abin da wanka ya iya ai ba zai gagare ni ba. Amma fa ya hana."

"Ya farka ya tarar an gama. In ya so ya yi mini faɗa da ido."

Ta shiga. Ya jingina tsani ya hau, ya ɗinke bakin rufin daga kan tsanin, aiki na tafiya da sauri har yana cewa a ransa ashe mace ta fi Yaya hanzari. Sannan ya ɗaga ƙafa ya taka inda ya saba takawa shekara da shekaru. Bai ji ƙut ɗin nan ba. Abin da ya ji shi ne ƙaras, sai rufin ya buɗe, ya rufta ciki da bunu da ƙura da komai, ya faɗi tim a tsakar ɗakin da ya rantse ba zai ƙara shiga ba.

Hansai ta fasa ƙara ta yi waje. Maitama na kwance, idon sawunsa na zafi kamar an ɗora masa garwashi. Da ƙura ta lafa, haske ya shigo ta ramin da ya yi, ya ga cikin rufin karo na farko tun yana saurayi. Ya ɗauki guntun sandar da ta karye, ya matsa, ta marmashe a hannunsa ta zama gari. Ya ɗaga kai. Duk haka suke, gara ta cinye cikinsu tun ba yau ba, ɓawo ne kawai ya rage. Wannan rufin ko ɗan akuya bai isa ya ɗauka ba, balle mutum.

A jikin bango ya ga wata doguwar gwafa a jingine, itace mai baki biyu, tsakiyarta ta yi baƙi tana sheƙi saboda riƙo. Ya dubi ƙasa. Daɓen ɗakin duk 'yan ramuka ne, sun fara daga gabas sun zagaya ta hannun dama har sun dawo, kowanne daidai gindin gwafar. Nan take ya gane jan da yake ji, da gurnanin, da gumin, da kafaɗar da ake murzawa. Duk shekarun nan Labo na bin sa daga ƙasa, yana riga shi zuwa inda zai taka, ya kafa gwafa, ya tokare da kafaɗa, sannan ya miƙa basilla. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Labo ya fi kowa sanin rufin ya mutu, bai kuwa nemi sabo ba, saboda dalilin da ya hana Maitama kawo maganar. Kunya da ƙauna suka taru suka rufe Maitama, ya zauna cikin bunu yana kuka kamar yaro, ga furfura.

Ƙofa ta yi duhu. Labo ne, ya dafa bango da hannu biyu, ƙarar faɗuwar ce ta tashe shi. A bayansa sama ta yi baƙi ƙirin, ana ta rugugi. Ya dubi ramin, ya dubi ƙanensa a ƙasa, leɓunansa suka yi motsi.

"Wa ya ce ka hau ba ni a ciki?"

Muryar ta dushe, ta tsufa, Maitama bai san ta haka ba. Rabonsa da ita tun tana iya kiran mutum daga ƙarshen gona.

Hansai ta zabura ta toshe wa mijinta baki da hannu. "Labo! Aradu! Ga hadari a kanmu!"

Ya ture hannunta. Ya sunkuya ya shigo, ya zube kusa da ƙanensa yana haki, tari ya sarƙe shi, ya lafa.

"Ka karye?"

"Ban sani ba, Yaya. Yaya, yi shiru don Allah, ka rantse fa."

Walƙiya ta haska ɗakin, tsawa ta biyo baya har tukunyar ta yi amo. Hansai ta durƙushe a bakin ƙofa. Maitama, wanda ya daɗe da barin tsoron baƙin dutse, ya samu kansa ya rungumo kan wansa ya kare shi da jikinsa. Rugugin ya gangara yamma. Sai ɗigon farko ya faɗo ta ramin ya bugi daɓe, ƙamshin ƙasa ya tashi.

Labo ya zame kansa, ya ɗaga ido ya dubi sama ta ramin. Tsoro na fuskarsa ƙarara, bai ɓoye ba, domin shi har ransa ya yarda abin zai zo, ko yau ko gobe.

"Aradun nan ta jira ni tun gashina na baƙi," in ji shi. "Ta ƙara jira in duba ƙafar yaron nan. Miƙo."

Maitama ya miƙa. Labo ya ɗora ƙafar a kan cinyarsa, ƙafar da ya yi rabin rayuwarsa yana ɗauka bai taɓa ta ba, ya shiga lallatsa idon sawun da manyan yatsunsa, yana faɗa, ruwa na zuba a gefensu.